Sharhi: Gidajen Ginshiƙai Na Kudancin Amurka Da Mutanen Da Suka Gina Su

Ranar Alhamis, 15 ga watan Mayu na shekarar 2025, gobara ta kama wani ƙasaitaccen gida mai suna Nottoway, wanda ke bakin kogin Misisifi kusa da garin White Castle, a jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka. 'Yan kwana-kwana sun yi ta fama tun da rana har dare, amma wuta ta fi ƙarfinsu. Gidan mai ɗakuna 64, wanda aka kammala gininsa a 1859, wanda kuma ake lasaftawa a matsayin mafi girma cikin gidajen masu gandaye da suka rage a kudancin ƙasar tun kafin yaƙin basasa, ya koma toka. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. To, amma tun hayaƙi bai gama kwantawa ba sai wata wutar ta tashi, ta cacar baki. Wasu Amurkawa sun yi ta jimami suna cewa an yi asarar abin ado da ba za a sake samun irinsa ba, waɗansu suna tuna ranar da aka yi bikin aurensu a farin zaurensa. Wasu kuwa, musamman daga cikin baƙar fata, ba su ɓoye farin cikinsu ba, domin a wurinsu gidan hedkwata ce ta gandun da John Hampden Randolph ya tsare bayi 155 yana morar guminsu a gonakin rake.

A ganina lalle an yi asara a Nottoway, sai dai ba irin wadda masu jimamin suke nufi ba. Abin da ya ƙone shaida ce. Wanda aka zalunta kuwa ba ya cin ribar kome idan shaidar da za ta tsaya masa a gaban alƙali ta ƙone, ko da ganinta yana sosa masa rai. Abin da ya kamata a tuhuma shi ne labarin da aka shekara kusan ɗari ana bayarwa a cikin waɗannan gidaje, da wanda aka ƙi bayarwa da gangan.

Duk wanda ya taɓa kallon tsoffin finafinan Amurka ya san siffar gidajen da ake magana a kansu: farin gida mai bene, dogayen ginshiƙai jere a gabansa tun daga ƙasa har rufi, baranda sama da ƙasa, a bisa ginshiƙan wani goshi mai kusurwa uku, sannan doguwar hanya ta miƙe tsakanin manyan itatuwa zuwa bakin ƙofa. Wannan fasali aro ne daga ɗakunan bauta na tsoffin Girkawa da Rumawa, kuma ta hanyar littattafai ya ƙetara teku. A 1762 wasu Turawan Ingila biyu, James Stuart da Nicholas Revett, suka fara buga zane-zanen kufan gine-ginen birnin Atina waɗanda suka auna da hannunsu. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda ya shaƙu da littattafan maginin nan ɗan Italiya Andrea Palladio, ya shekara kusan 40 yana gini yana rushewa a gidansa na Monticello da ke jihar Bajiniya, ya kuma tsara ginin majalisar dokokin jihar bisa samfurin wani ɗakin bautar Rumawa da ke birnin Nimes na Faransa. Da Girkawa suka tashi neman 'yancin kai daga Daular Usmaniyya a 1821, sai ƙaunar duk abin da ya shafi Girka ta ƙara mamaye Amurka. Garuruwa suka ɗauki sunaye irin su Athens da Sparta da Corinth, bankuna da kotuna da majami'u suka ɗauki siffar haikali. Littattafan koyar da gini na Asher Benjamin da Minard Lafever, masu ɗauke da awo dalla-dalla, suka sa ko kafintan ƙauye yana iya fitar da ginshiƙi irin na Atina ba tare da ya taɓa barin gundumarsu ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa salon bai tsaya a kudu kaɗai ba. Manoman jihohin arewa, inda aka riga aka hana bauta, su ma sun yi ta gina ƙananan gidaje masu ginshiƙan katako, saboda haka ginshiƙi a kan kansa ba alamar bauta ba ne. Amma a kudu ya sami wata ma'ana ta ƙari. Mutumin arewa in ya dubi Atina yana ganin mahaifar dimokuraɗiyya; mai gandu a kudu yana ganin wannan, yana kuma ganin cewa bayi ne suka ɗauki nauyin Atina har 'ya'yanta suka sami sukunin yin falsafa, kuma Aristotal da kansa ya koyar da cewa akwai mutanen da aka halitta don bauta. Marubuta irin su George Fitzhugh sun kafa hujja da wannan a shekarun 1850, kamar yadda John C. Calhoun ya tsaya a majalisar dattawa a 1837 ya ce bauta alheri ce tsantsa, ba wani sharri da ake haƙuri da shi ba. Har sunayen manyan Rumawa, irin su Kaisar da Cato da Pompey, iyayen giji suka riƙa laƙaba wa bayinsu, abin da ya fi kama da ba'a fiye da girmamawa.

Mai karatu zai so ya san cewa waɗannan ginshiƙai da ke ƙyalli kamar dutsen marmara, akasarinsu ba marmara ba ne. Jan tubali ne da aka ƙera da wata siffa ta musamman domin ya zagaye, aka ɗora shi sahu-sahu, aka yaɓe da farar ƙasa, ko kuma katako ne da aka shafa wa farin fenti. Yumɓun tubalin daga gefen kogi ake haƙo shi, a cikin gandun ake cuɗa shi, a nan ake gasa shi. Katakon kuwa daga fadamu masu sauro da macizai ake sare shi. Masu haƙa da masu cuɗawa da masu sara duk bayi ne, har da yara ƙanana, waɗanda aikinsu shi ne juya ɗanyen tubali a rana. Shi ya sa har yau ake samun sawun ƙananan yatsu a jikin tubalan tsoffin gine-gine a Charleston da kewayenta. Ana ɗauko mai zane ko ƙwararren magini farar fata daga birni, kamar Henry Howard wanda ya zana Nottoway, sunansa kuma shi ne yake shiga littafi. Sunayen sauran sai dai a takardar lissafin dukiya, tsakanin alfadarai da garmuna.

Kaɗan daga cikinsu ne tarihi ya riƙe. John Hemmings, bawan Jefferson, shi ne gwanin kafintan da ya yi da yawa daga cikin kyawawan ayyukan katako na Monticello. Jefferson ya 'yanta shi a wasiyyarsa a 1826, amma a watan Janairun 1827 aka yi gwanjon mutum 130 na gandun domin biyan bashin da mamacin ya bari. A Oak Alley, gidan nan na Luwiziyana da aka gina tsakanin 1837 da 1839, mai ginshiƙai 28 daidai da yawan itatuwan da ke kan hanyar shigarsa, akwai wani bawa mai suna Antoine wanda a wajajen 1846 ya yi nasarar aurar da itacen pecan, mai 'ya'ya kamar gyaɗa, yadda muke aurar da mangwaro. Nasararsa ce ta buɗe hanyar noman wannan itace don kasuwa. Da maigidansa Jacques Roman ya rasu a 1848, aka rubuta Antoine cikin kayan gado aka yi masa kuɗi dala 1,000.

Ba za a musanta cewa gidajen suna da hikima ba. Ƙasar tana da zafi da gumi, don haka aka ɗaga rufi sama sosai, aka yi tagogi masu tsawo kamar ƙofofi, aka ratsa tsakiyar gida da dogon zaure don iska ta wuce, barandu kuma suka hana rana dukan bango. Masu gine-ginen siminti da kwanon rufi a ƙasashenmu masu zafi suna da abin koyo a nan. Amma ko jin daɗin gidan a kan wuyan wani yake. A gidan Melrose da ke Natchez har yanzu akwai wani babban mafici na katako rataye a bisa teburin cin abinci, wanda bawa yake tsayawa yana jan igiyarsa har a gama liyafa. Ɗakin girki a waje yake, saboda tsoron gobara da zafi, kuma akwai matakala ta baya da ƙofofin gefe domin masu hidima su shiga su fita ba tare da baƙi sun cika ganinsu ba. Wato an zana gidan ne yadda aiki zai gudana, mai aikin kuma ya ɓace. A bayan gidan, ko can nesa kusa da gona, nan bukkokin katako suke jere, iyali guda ko fiye a ɗaki ɗaya. Babu gidan ginshiƙai da ya taɓa tsayuwa shi kaɗai. Tsakiyar wata masana'anta ne, mai rumbuna da maƙera da injin matse rake da ma'ajin auduga da kuma wurin horo.

Daga ina kuɗin suka fito? A 1793 Eli Whitney ya ƙera na'urar gurzar auduga, a 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa, a 1830 kuma aka kafa dokar da ta ba da damar korar 'yan asalin ƙasar, irin su Choctaw da Creek da Cherokee, daga ƙasarsu mai albarka zuwa yamma da Misisifi. Ƙasa ta samu, saura hannu. Da yake an haramta shigo da bayi daga Afirka tun 1808, sai fataucin cikin gida ya bunƙasa: kimanin mutum miliyan guda aka kwaso daga Bajiniya da Maryland da maƙwabtansu zuwa gonakin auduga da rake na can ƙuryar kudu, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙasa ɗaure da sarƙa, an raba uwa da ɗa, miji da mata. Kasuwar bayi ta Forks of the Road a Natchez tana cikin mafi girma a ƙasar, kuma ba ta da nisa da kyawawan gidajen da ake kai baƙi su gani a yau. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4, auduga kuma ta kai fiye da rabin darajar duk abin da Amurka take sayarwa a waje, mafi yawanta zuwa masaƙun Lancashire a Ingila. A gundumomin rake na Luwiziyana, inda ake aiki dare da rana lokacin matsa, mace-mace tsakanin bayi sun fi haihuwa yawa, sai an riƙa sayo sababbi ana cike gurbi.

Akwai kuma batun jingina, wanda ba a cika faɗa wa 'yan yawon buɗe ido ba. Mai gandu yakan ci bashin banki ya gina gida, ya ba da mutane a matsayin jingina. A 2005 bankin JPMorgan Chase ya amsa a fili cewa wasu bankuna biyu na Luwiziyana da ya gada sun karɓi bayi kimanin 13,000 a matsayin jingina tsakanin 1831 da 1865, kuma kimanin 1,250 daga cikinsu sun zama mallakar bankunan da masu bashi suka kasa biya. Saboda haka kada mutumin Niyok ko na Landan ya nuna ginshiƙan Misisifi da yatsa kamar shi hannunsa wankakke ne.

Wani abin lura shi ne, irin waɗannan gidaje ba su taɓa yin yawa ba, zamaninsu kuma gajere ne. Mafi yawan fararen fata na kudu ba su mallaki bawa ko ɗaya ba. Waɗanda suka mallaki 20 ko fiye ba su wuce kimanin 46,000 ba a 1860, kuma ko a cikinsu da yawa a gidajen katako marasa ado suke zaune, kamar yadda Frederick Law Olmsted ya gani ya rubuta lokacin da ya zagaya kudu a shekarun 1850. Manyan gidajen da aka fi ɗauka hoto an gina su ne cikin shekaru 30 na ƙarshe kafin yaƙi, wasu ma ana gab da harba bindigar farko. Smith Coffee Daniell ya kammala Windsor a Misisifi a 1861, ya mutu bayan 'yan makonni. Longwood da ke Natchez har yau ba a ƙarasa shi ba, domin maginan da aka ɗauko daga arewa sun ajiye kayan aiki sun koma gida da yaƙi ya ɓarke. Gidan Arlington mai ginshiƙai 8, inda Janar Robert E. Lee ya zauna, sojojin tarayya sun mamaye shi a 1861, a 1864 kuma suka fara binne matattunsu a harabarsa, abin da ya zama babbar maƙabartar sojojin Amurka.

An gama yaƙi a 1865, an soke bauta a tsarin mulki a watan Disamban shekarar, amma alƙawarin raba wa 'yantattu eka 40 na gona bai daɗe ba shugaba Andrew Johnson ya warware shi ya mayar wa tsoffin iyayen giji ƙasarsu. Da yawa daga cikin 'yantattun sun ci gaba da zama a bukkokin nan suna noman raba-daidai cikin bashin da ba ya ƙarewa, wasu zuriyarsu har tsakiyar ƙarni na 20. Gidajen kuwa suka yi ta ruɓewa, har sai da aka gano cewa ana iya sayar da kewa kamar yadda ake sayar da auduga. A 1932, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, matan wata ƙungiyar masu lambu a Natchez suka fara bikin shekara-shekara na buɗe tsoffin gidaje ga baƙi, suna sanye da faffaɗan tufafi irin na kakanninsu. A 1936 Margaret Mitchell ta wallafa labarinta na Gone with the Wind, a 1939 aka mai da shi fim, duniya ta ɗauki gidan Tara a matsayin hoton kudu. Alhali Tara na fim fuskar gida ce kawai da aka kafa a filin shirya finafinai a Kalifoniya, babu ɗakuna a bayanta. Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin baiwa ta kuma zama baƙar fata ta farko da ta ci lambar Oscar, ba a bar ta ta halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba. Abin dariya ma, wasu ginshiƙan da ake yi wa kallon na zamanin bauta daga baya aka kafa su: na gidan McLeod kusa da Charleston an ƙara su ne a shekarun 1920, babban gidan Boone Hall kuwa a 1936 aka gina shi, yayin da bukkokin tubali na bayi da ke gefen hanyarsa su ne tsoffin gaske.

Daga nan aka gaji al'adar da nake ƙi. Baƙo ya biya kuɗin shiga, a nuna masa madubin Faransa da fitilun lu'ulu'u da gadon da uwargida ta haihu, a ba shi labarin soyayya da na fatalwa, in an zo kan waɗanda suka share ɗakin sai a ce da su "masu hidima" ko "ma'aikata", kamar ana biyansu albashi a ƙarshen wata. Da yamma a kafa rumfa a yi bikin aure. Nottoway kansa otal ne da wurin biki kafin ya ƙone. A ƙarshen 2019, bayan matsin lambar ƙungiyar Color of Change, kamfanonin Pinterest da The Knot suka rage tallata bukukuwan aure a gandayen bayi, a 2020 kuma ɗan wasan fim Ryan Reynolds ya nemi gafara a kan bikinsa da aka yi a Boone Hall a 2012.

Masu gidajen suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa rufin gida mai shekara 170 yana cin kuɗi kamar wuta, gara da ruwan sama da guguwa ba sa jiran kowa, gwamnati ba ta ba su kome, bikin aure shi ke biyan kafinta. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin masu aiki a otal ɗin da ɗakin girkinsa baƙar fata ne na yankin, waɗanda gobarar ta raba da abincinsu. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya yi murna da gobarar daga nesa bai tuna da su ba. Amma hujjar kuɗi tana bayyana dalilin da ya sa aka yi abu, ba ta mai da shi daidai ba. Mutumin Gana da ya san kurkukun Cape Coast, inda majami'a take a bisa ramin da ake cusa maza, ɗakunan gwamna kuma suna sama suna shan iskar teku, zai gane abin da nake nufi. Ɗakunan gwamnan suna da kyau, amma wa zai yarda a kai baƙo can a nuna masa tagogi, a sauko da shi ba tare da an buɗe masa ƙofar ramin ba?

Kuma an riga an gwada wata hanyar, ta kuwa yi aiki. A watan Disamban 2014 wani lauya na New Orleans, John Cummings, ya buɗe gandun Whitney a matsayin gidan tarihin bauta, tare da masanin tarihi ɗan Senegal, Dokta Ibrahima Seck. A can baƙo yana fara ziyara ne daga majami'ar 'yantattu da bangon sunaye da bukkoki da kaskon dafa sukari, babban gida shi ne na ƙarshe. Akwai wurin tunawa da yara 2,200 da suka mutu cikin bauta a gundumar, akwai kuma na waɗanda suka yi tawayen watan Janairun 1811 ƙarƙashin Charles Deslondes, waɗanda aka sare kawunansu aka kafa a kan sanduna a gefen kogi. Tun 2010 Joseph McGill yake bin bukkokin bayi da suka rage yana kwana a cikinsu domin jawo hankali ga halin da suke ciki. Monticello ta buɗe ɗakin baje tarihin Sally Hemings, baiwar da ta haifa wa Jefferson 'ya'ya, a 2018. A Montpelier, gidan shugaba James Madison, bayan doguwar taƙaddama, zuriyar bayin gandun suka sami kujeru daidai wa daida a hukumar gudanarwa a 2022. A 2024 kuma wasu tagwaye mata baƙar fata, Jo da Joy Banner, ta hannun ƙungiyarsu, suka mallaki gandun Woodland inda tawayen 1811 ya fara. Baƙi ba su daina zuwa waɗannan wurare ba. Akwai masu gunaguni cewa sun zo hutu ne ba karatu ba, to amma gunaguni irin wannan ba dalili ba ne na canja tarihi.

Mu ma muna da rabo a cikin wannan labari, fiye da yadda muke zato. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta shekara da shekaru tana tattara sunayen bayi fiye da 100,000 daga takardun kotuna da na gado a Luwiziyana, inda magatakardan Faransa da na Sifen suka riƙa rubuta ƙabilar kowane bawa, kuma Hausawa suna cikin ƙabilun da suka bayyana, tare da Fulani da Bambara da Wolof da Yarbawa da Ibo. An zana waɗannan sunaye a bangayen Whitney. Kusa da Natchez ne kuma Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, ɗan sarautar Futa Jalon, ya shekara 40 cikin bauta a gonar Thomas Foster, har wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ta kai ga gwamnatin shugaba John Quincy Adams aka sake shi a 1828. Ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai gida ba, ya bar 'ya'yansa a hannun masu su. Sannan, tun da magana ta kawo mu nan, kalmomin gandu da rinji da na yi ta amfani da su ba don Amurka aka ƙago su ba. Sarakuna da attajiran ƙasar Hausa sun mallaki rumada a wurare irin su Fanisau kusa da Kano, ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai 1936, Nijar kuma sai a 2003 ta mai da ita laifi mai hukunci. Tsarin ya bambanta da na Amurka ta fuskoki da dama, amma mai ziyartar gidajen tarihinmu zai ga alkyabba da takobi da sirdi, da wuya ya ji sunan wanda ya noma hatsin da ya ciyar da dokin.

To, me ya kamata a yi da Nottoway da 'yan'uwansa? Ba na goyon bayan a sake gina shi. Sabon gida mai kama da tsoho ba shi da sawun yatsun kowa a tubalinsa, zai zama wani Tara ne kurum, mai ɗakunan haya. A gyara abin da ya rage yadda ba zai faɗo wa mutane ba, a bar shi. Akwai misali a Windsor: gobara ta cinye shi a watan Fabrairun 1890, ginshiƙai 23 suka rage tsaye a cikin daji, babu bango babu rufi, har ba a san ainihin kamanninsa ba sai da aka gano wani zane da wani sojan tarayya ya yi a 1863. Mutane suna zuwa har yau, kuma da yake babu madubi ko labulen da zai ɗauke musu hankali, tambayar wa ya ɗora wannan tubali har wannan tsawo tana zuwa da kanta. Gidajen da ke tsaye kuwa a kiyaye su, a sa musu na'urorin kashe gobara, amma duk wanda zai sami sassaucin haraji ko tallafin hukuma a matsayin wurin tarihi, a wajabta masa buga sunayen bayin gandun, da ba zuriyarsu kujera a inda ake yanke shawara, da fara kashe kuɗin gyara a kan bukkoki, domin su ne na katako, su ne ke saurin faɗuwa, su ne kuma suka fi ƙaranci.

Mafi gaggawa duka shi ne kaburbura. Tsakanin Baton Rouge da New Orleans, tsoffin gandayen rake da yawa sun zama matatun mai da masana'antun sinadarai, har ana kiran yankin da sunan lungun ciwon daji, kuma ƙauyukan da ke shaƙar hayaƙin akasari waɗanda 'yantattun bayi suka kafa ne. A tsakiyar gonakin rake akan ga ɗan kurmin itatuwa da garma take zagayewa. Sau da yawa maƙabartar bayi ce marar alama. A 2019 aka tabbatar da irin wannan maƙabarta a tsohon gandun Buena Vista da ke gundumar St. James, a filin da kamfanin Formosa ya saya domin gina masana'antar roba. Da mazauna yankin ƙarƙashin jagorancin Sharon Lavigne suka nemi shiga su yi addu'a a bakin kaburburan ranar 19 ga watan Yunin 2020, ranar tunawa da 'yanta bayi, sai da suka je kotu alƙali ya ba su izini.